Hatimi Ma Lissafi Ne, Mu Shigo Da Shi Aji



Kowa ya san yadda fuskoki ke sauyawa a ajinmu da zarar malamin lissafi ya ɗauki alli. Da yawanmu haddar ƙa'ida muke yi, ranar jarrabawa kuma ta gudu ta bar mu. Ga shi kuwa yawancin kwasa-kwasan jami'a ba a samunsu sai da kiredit a lissafi, a WAEC ko NECO. Shi ya sa muke roƙon a ware mana minti 15 kowane mako don wasan jera lambobi a kan zane, domin yana koya wa mutum tunani kafin ya sa hannu.

Ga misali. Zana alwatika, ka sa da'ira ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya kuma a tsakiyar kowane gefe. Da'ira 6 ke nan. Jera lambobi daga 1 zuwa 6 a cikinsu, kowace sau ɗaya, yadda kowane gefe zai ba da jimlar 9. Mai gaggawa zai yi ta rubutawa yana gogewa har takarda ta huje. Mai tunani kuwa zai ce: gefe uku, kowanne 9, sun zama 27. Lambobin shida gaba ɗaya 21 ne. To rarar 6 daga ina ta fito? Daga kusurwoyi, domin kowace kusurwa tana cikin gefe biyu, sau biyu ke nan aka ƙirga ta. Lambobi uku da za su ba da 6 kuwa su ne 1 da 2 da 3. Da ka ajiye su a kusurwoyi, sauran sun san gidajensu: 6 tsakanin 1 da 2, 5 tsakanin 1 da 3, 4 tsakanin 2 da 3. Wanda ya bi wannan hanya ya yi aljabra bai ma sani ba.

Haka abin yake a murabba'i mai gida 9, wanda mu Hausawa muke kira hatimi. Lambobi daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, layi kuma uku ne, saboda haka kowane layi 15 zai ba da. A rubuta 2, 7, 6 a sama, 9, 5, 1 a tsakiya, 4, 3, 8 a ƙasa. A tara a tsaye, a tara a kwance, a tara daga kusurwa zuwa kusurwa, duk 15 ne.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da makamantansu. Ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a can kuma ya rasu a 1741. Yau masu rubuta tarihin lissafi a Turai da Amurka suna ambaton sunansa, mu kuwa da muke maƙwabtan Katsina da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Wannan abin kunya ne.

Mun san wasu za su ce hatimi ai kayan tsibbu ne. Gaskiya ne akwai masu zana shi don laya ko rubutun sha, hukuncin wannan kuma mun bar wa malaman addini. Abin da muke magana a kai tarawa ce da ɗebewa. Babu wani asiri cikin 4 da 3 da 8 su ba da 15; ɗan aji uku na firamare zai iya tabbatarwa da tsakuwa.

Wasu kuma za su ce ba ya cikin manhaja, ɓata lokaci ne. Amma ɗalibin da ya saba tambayar kansa "me ya sa?" shi ne ba ya ruɗewa idan an juya masa tambaya a jarrabawa. Ba kuma sai an sayi komai ba. Yadda dattawan Saulawa ke haƙa gidajen dara a ƙasa, haka za mu zana namu da tsinke, mu rubuta lambobi a murfin kwalba. Mata da maza, kowa zai iya.

Kafin malamanmu su amsa roƙonmu, ga aikin wannan mako: a koma kan alwatikar nan, a jera 1 zuwa 6 yadda kowane gefe zai ba da 10. A fara da neman jimlar kusurwoyi. Wanda ya samo ya miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida amsarsa tare da bayanin hanyar da ya bi, domin amsar da ba ta da dalili ba za ta hau allon nan ba.