Allurar aidin da hoton mama: a auna kafin a sayo na'ura

Ƙiyasin da cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2022 ya nuna mata fiye da dubu 32 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, fiye da dubu 16 kuma suka rasu. Da yawansu ba su kai shekara hamsin ba. A wannan shekaru kuwa naman mama yakan zama mai cunkoso, shi ya sa hoton mamogiram na yau da kullum yake yawan kasawa, domin naman da ƙarin duk fari suke fitowa, likita ya duba bai ga komai ba, alhali cutar na nan.

Akwai wata hanya da ke rage wannan makanta. Ana yi wa mace allurar ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya, a dakata kamar minti biyu, sannan a ɗauki hoto da haske mai ƙarfi iri biyu. Ƙari yakan tsiro wa kansa sababbin jijiyoyin jini masu yoyo, sai ruwan ya taru a wurinsa, kwamfuta ta kawar da hoton naman, ƙarin ya fito sarari. Amurka ta amince da hanyar tun 2011. A 2025 mujallar Lancet ta wallafa wani gwaji da aka yi a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Fiona Gilbert ta Jami'ar Kambirij, a kan mata fiye da dubu tara masu cunkoson nama waɗanda mamogiram bai nuna musu komai ba. Hoton aidin ya gano kusan ƙari 19 a cikin kowane gwaji dubu, MRI ya gano kusan 17, sikanin kuwa kusan 4 kacal.

Abin da ya fi shafar Najeriya shi ne tsada. MRI ƙaranci gare shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Hoton aidin kuwa ana iya ƙara shi a kan wasu na'urorin mamogiram na zamani da asibitocin koyarwa suka riga suka mallaka, ba sai an gina sabon ɗaki ba. Don haka ya dace a karɓe shi, musamman wajen tantance macen da aka riga aka ji wa dunƙule, da sanin iyakar ƙarin kafin tiyata.

Sai dai duk mataimakin da ke rubuta wa minista ko ɗan majalisa takarda ya san yadda ake son abin da za a yanke wa kintinkiri. Na'urar kaɗai ba ta isa ba. Ana bukatar gwajin ƙoda kafin allurar, da ma'aikatan da za su ceto wadda jikinta ya ƙi aidin, da likitan da ya ƙware wajen karanta hoton. Hasken da ke shiga jiki ma ya ɗan ɗara na mamogiram. Bayan hoto kuma, sai an ɗebi ɗan tsoka an kai ɗakin gwaji kafin a tabbatar da cutar, kuma a nan ne mata da yawa ke shafe makonni suna jira. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a kammala tantancewa cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Idan NICRAT da Ma'aikatar Lafiya za su saka wannan hanya a kasafi, su fara da ƙidayar na'urorin da ake iya ɗaukakawa, su ware kuɗin horarwa da na gyara. NHIA kuma ta rubuta ruwan aidin da gwajin ƙoda ƙarara a jerin abin da inshora ke biya, domin matar ma'aikaci mai mataki na shida ba za ta iya biya daga aljihu ba.