Masu cewa rigakafin nimoniya aikin banza ne

Jama'a, wallahi na gaji da muryar nan da ake ta turawa a WhatsApp, wai an samu ƙwayar nimoniya a hancin yaran da aka yi wa rigakafi, saboda haka allurar yaudara ce. Haba! Ƙwayar nan ta haura kala 90. Allurar da Najeriya ta fara bayarwa a 2014 kala 10 take tarewa, cikin waɗanda suka fi kwantar da yara da nimoniya da sanƙarau. Sauran kan zauna a hanci, yaro na wasansa lafiya lau. Mai tura muryar nan, shi zai biya kuɗin gado ranar da numfashin ɗanka ya sarƙe? Sati 6, 10 da 14 ake yi, kuma kyauta ce. Ku kai su.