Fiyano Ba Keken Ɗinki Ba Ne

Duk wanda ya ratsa unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi da almuru, ya kan ji ƙarar fiyano daga wani shago ko zaure. To, amma a tsaya a saurara: ƙara ce, ko kuwa waƙa?

Masu koyon wannan abin kiɗa a wajenmu sun rabu biyu, kuma dukansu sun saki hanya. Na farko su ne 'yan danna maɓalli, waɗanda suka gaji salon ɗakunan haɗa waƙoƙin finafinan Kano: a kunna Yamaha ta yi ta kiɗa da kanta, yaro na bin ta da yatsa ɗaya. Waɗannan ba mu da doguwar magana da su.

Na biyun su ne suka fi ba mu takaici, domin su masu himma ne. An danƙa musu littafin Hanon, wani Bafaranshe da ya tsara darussan motsa yatsu guda 60 a 1873, an ce kada su taɓa waƙa sai sun sauke shi. Sai ka ga saurayi ya shekara yana hawa yana sauka, yatsu sun yi sauri, amma kunne ya mutu. In ya buga maka abu, ka ce tela ne ke gaggawar ɗinkin Salla.

Ga inda gizo ke saƙar. Cikin fiyano na asali 'yar guduma ce ke dukan tsirkiya, kuma da zarar ta daka, amon ya fara mutuwa. Ba kamar goge ba, wanda ake jan muryarsa yadda aka so. Saboda haka gwaninta ita ce kada yatsa ya ɗaga sai na gaba ya sauka, har amo ya riƙe hannun amo. Wanda bai da wata waƙa a kansa, me zai sadar da me? Marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi a kuntigi, ita ma amonta ba ya daɗewa, amma wa ya taɓa jin kiɗansa ya tsinke?

Turawan ma da muke kwaikwayo sun gane haka. Schumann ya rubuta wa yara ƙananan kiɗe-kiɗe masu daɗin rerawa a 1848. Bartók na ƙasar Hangari kuwa ƙauyuka ya bi, ya tattaro waƙoƙin manoma, ya mai da su darussan farko na fiyano. A nan gida Akin Euba ya nuna fiyano na iya ɗaukar salon gangunan Yarbawa. Mu fa? Ƙasar Kabi, mai bikin kamun kifin Argungu tun 1934, ta rasa waƙar da za a fara koya wa yaro? Ga waƙoƙin daɓe, ga na reno, ga na gaɗa da ƙannenmu ke yi a dandali. Da yawansu a kan amo biyar suke tafiya, har mai koyo na iya laluben su a kan baƙaƙen maɓallai kaɗai.

Za a ce ai zaƙin muryar Narambaɗa ba ya shiga tsakanin maɓallan Bature. Gaskiya ne, wani lanƙwasan zai zube. Amma yaron da ya ji inda ya zube ya riga ya sami kunnen da Hanon ba zai ba shi ba.

Muna kira ga kwamitin al'adu na ƙungiyarmu da ya tura mutane Argungu da Gwandu a hutun nan, da rikoda, su ɗauko waƙoƙi ashirin daga bakin tsofaffi mata, a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya.