Wanda ya yi wa motarsa juye da hannunsa bai zubar da garanti ba

Mutum ya sayi mota sabuwa fil daga wurin dila, bayan wata shida gilashin ƙofa ya daina hawa. Ya mayar da ita, kuma kafin a taɓa ƙofar sai a tambaye shi inda aka yi mata juyen baƙin mai na ƙarshe. Da ya ce da hannunsa ya yi, ko wurin bakanikensa na unguwa, shi ke nan, garanti ya faɗi. Me ya haɗa baƙin mai da gilashin ƙofa? Babu. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a daina karɓar wannan amsa.

Garanti alkawari ne cewa in aibi ya taho da mota daga masana'anta, kamfani ne zai ɗauki nauyin gyara. Kuɗinsa na cikin farashin da mai saye ya riga ya biya. Amurka ta tsayar da magana kan haka tun 1975 da dokar Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani gindaya sharaɗin cewa sai an yi aiki a garejinsa ko da kayan gyaransa, sai fa in kyauta zai bayar da su. In kamfani ya ce mai mota ne ya jawo lalacewar, shi zai nuna yadda aka yi. Duk da haka kamfanoni ba su daina gwada sa'arsu ba. A 2018 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi, ciki har da Hyundai, sannan a 2022 ta tilasta wa Harley-Davidson, mai ƙera babura, ya cire irin wannan sharaɗi daga takardunsa. Kada a ce abin sai ƙasashen Turawa: tun 1 ga Yulin 2021 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Afirka ta Kudu ta fara aiki da ƙa'idar da ta ba mai mota damar kai ta garejin da ya ga dama ba tare da garantinsa ya mutu gaba ɗaya ba.

A nan gida za a ce yawancinmu 'yar Kwatano muke hawa, wadda garantinta ya ƙare tun tana ƙetare. Haka ne. Amma Adaidaita Sahu da babura sababbi ake sayensu, galibi a kan bashin biya kullum, kuma ana harhaɗa motoci a Kaduna da Nnewi da Legas. Direban da ke Gumel ko Illela ba zai ajiye aikin yini biyu ya nufi birni don juye kawai ba. Sharaɗin da aka san mai saye ba zai iya cika shi ba, hanya ce ta karɓar kuɗin garanti ba tare da niyyar biya ba.

Sai dai dilolin ma ba a banza suke tsoro ba, kuma a nan ya kamata masu mota su saurara. Kasuwa cike take da jabun baƙin mai da jabun filta. Injin zamani da littafinsa ya ce 0W-20 ko 5W-30, sai a ɗura masa 20W-50 mai kauri, wai don ƙasarmu akwai zafi. Wani bakaniken yana buɗe bonet zai cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma, mutane da dama sun juya injinansu zuwa gas, wasu a hannun wanda bai ƙware ba. Wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, injinsa ya buga, kada ya zo yana kukan an zalunce shi. Amma ko shi ɗin, inji kaɗai ya rasa; gilashin ƙofarsa da rediyonsa na nan cikin alkawari.

Mai yin juye da kansa, ya karanta littafin motarsa, ya sayi man da aka rubuta a ciki, ya karɓi rasit ko da mai shago zai yi masa dariya, ya rubuta kwanan wata da kilomitan da mota ta ci. Ranar rigima wannan takarda ce za ta yi masa magana.

Sauran aikin na hukumar FCCPC ne, wadda dokar kare masu sayayya ta 2018 ta kafa. Muna kira gare ta da ta fitar da ƙa'ida ƙarara: dila ba zai ƙi gyara ba sai ya rubuta dalilinsa a takarda, ya nuna alaƙar abin da mai mota ya yi da ɓangaren da ya lalace. A kuma wajabta bayar da takardar garanti da Hausa ga mai sayen Adaidaita Sahu a Kano ko Gusau, kafin ya biya kuɗin farko.