Kwamfutarka lafiyarta lau, a daina cin kuɗinka

Makon jiya wani tsohon ɗalibina ya zo mini da kwamfutarsa a hammata, ransa a ɓace. Ya sa wasan dabarun yaƙi, irin wanda ake gina gari a tara soja, amma da ya latsa sai fuskar ta yi baƙi, wasan ya rufe kansa ba ko sallama. Sau biyu ya kai wa mai gyara, sau biyu aka goge masa komai aka sake Windows, jikka goma ta tafi, wasa yana nan yadda yake. A karo na uku aka ce masa "birus" ne.

Ba birus ba ne, kuma mai gyaran da ya karɓi kuɗi bai duba ba ya ci haram. Ga abin da ke faruwa. Kowace furosesa tana da jerin umarnin da take ganewa. A 2011 Intel da AMD suka fito da wani sabon rukuni mai suna AVX, wanda ke hanzarta lissafi. Core 2 Duo ba ta da shi, Core i3, i5 da i7 na zubin farko ba su da shi, haka ma yawancin Pentium da Celeron da aka yi shekaru bayan 2011. Idan wasa ya aika wa irin wannan furosesa umarnin AVX, ba ta san shi ba, sai Windows ya kashe wasan nan take. Ko sau ɗari ka goge kwamfuta, abin da ba a ƙera a cikin ƙarfen ba ba zai tsiro ba.

Binciken bai kai minti biyar ba. A sa ƙaramar manhajar CPU-Z, kyauta ce, a duba layin umarni ko akwai AVX. Ko a buɗe rajistar kurakuran Windows: lambar 0xc000001d na nufin an bai wa furosesa umarnin da ba ta sani ba. Mai gyaran da bai iya wannan ba, me yake gyarawa?

Masu yin wasannin ma ba su kuɓuta ba. Age of Empires IV, da ya fito a 2021, ya rubuta a sharuɗɗansa cewa sai da AVX, wannan gaskiya ne. A 2022 aka ƙara masa daular Mali, ta Mansa Musa. To amma a Maradi ko Damagaram wace kwamfuta ce a hannun matasa? Ta gwanjo ce, wadda ofisoshin Turai suka gama da ita. Tarihin maƙwabtanmu na cikin wasa, ƴaƴanmu na bakin ƙofa.

Za a ce mini fasaha gaba take yi, ba za a tsaya jiran tsohon ƙarfe ba. Na yarda da rabin maganar. Wasan da ke motsa ɗaruruwan sojoji a lokaci guda yana bukatar ƙarfi, kuma kamfani na da ikon zaɓar wanda zai yi wa kaya. Sai dai wasa na iya tambayar furosesa abin da ta iya tun kafin ya tashi, ya rubuta jimla ɗaya: na'urarka ba ta da AVX. Wasan da ya mutu shiru shi ke tura yaro wurin macuta. Wani lokaci ma sharaɗin ba dole ba ne: a Disamban 2020 masu Cyberpunk 2077 sun cire amfani da AVX a gyara mai lamba 1.05, saboda yana kashe wasan a kan tsofaffin furosesa.

Sannan ina jan kunnen matasa kan "maganin" da ke yawo a YouTube da WhatsApp, wai ka sauke wani fayil ka jefa cikin wasan. Ba ka san wanda ya rubuta shi ba, ta nan birus na gaskiya ke shigowa, a sace maka kalmar sirri. Akwai manhajar Intel SDE mai kwaikwayon AVX, amma tafiyar hawainiya take yi, ba a yaƙi da ita.

Mafita uku ce. In kwamfutar tebur ce mai soket LGA1155 da Pentium ko Celeron, ana iya sa mata Core i5-2400 na gwanjo, wanda ke da AVX. In ka sayi wasan a Steam, kana da kwana 14 ka nemi kuɗinka muddin ba ka buga awa 2 ba. In babu ko ɗaya, Age of Empires II: Definitive Edition na 2019 ya sa Core 2 Duo a mafi ƙarancin sharuɗɗansa, yana da Mali da Habasha, sannan 0 A.D. kyauta ne, har da daular Kush a ciki.

Ɗalibin nawa Celeron gare shi, a manne da allon kwamfutar, ba ta sauyuwa. Na sa masa 0 A.D., na kuma ce ya koma ya nemi jikkarsa goma. Ku masu gyara, ku duba furosesa kafin ku miƙa hannu.