Kada Mu Yar Da Tsofaffin Kujerunmu

A gidaje da yawa a nan Funtuwa, tsohuwar kujerar maɗaci mai hannu tana yashe a bayan ɗaki, wai don an sayo sabon kushin. Mu dai muna ganin kuskure ne. Kafintocin da sun yi ta da busasshen katako mai ƙwari. Matashinta kuwa auduga ce, in ta kwanta sai a shanya, a sake cusawa. Sabon kushin fa? Yadi mai ƙyalli a waje, ciki ɗanyen katako da soso. Kafin damina biyu ya lotsa. Abin tausayi, iyaye sukan sayar da masarar da suka noma, har su ci bashi, domin a jera wa amarya irinsa, alhali a garin auduga kamar namu sabon matashi da ɗan fenti sun isa su gyara tsohuwar.