Tagwaita faifan uwar garke: kati za a ba amana ko manhaja?

Duk wanda aka ɗora wa kula da uwar garke, wato kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ko makaranta ke ɗibar bayanai a wurinta, ya san faifan ajiya ba ya sanar da ranar mutuwarsa. Shi ya sa ake tagwaita shi: a sa faifai biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta shi a ɗayan a lokaci guda, idan wannan ya mutu wancan ya ci gaba da aiki. Masana na kiran wannan tsari RAID 1. Sunan ya yaɗu ne daga maƙalar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, suka gabatar a shekarar 1988.

Hanyoyin yin tagwaitawar biyu ne. Ko dai a sayi kati na musamman, irin su MegaRAID ko PERC na kamfanin Dell ko Smart Array na HP, a soke shi cikin na'urar ya riƙa sarrafa faifan da kansa, ko kuma a bar aikin a hannun manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kamar mdadm a Linux, ko ZFS, ko Storage Spaces da ya zo da Windows Server 2012. Ra'ayina shi ne, ga ƙaramar uwar garke mai faifai biyu, musamman inda kayan gyara ke da nisa, manhaja ta fi cancanta da amanar.

A da, hujjar masu son kati tana da ƙarfi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta da saurin yau, saboda haka sauke mata nauyi abu ne mai amfani. Sai dai nauyin da ake magana a kai na tsare-tsare ne irin RAID 5, inda ake yin lissafi a kan kowane rubutu. Tagwaitawa ba ta da wannan lissafi, rubuta abu ɗaya ne a wuri biyu. Kwamfutar wannan zamani tana yin haka ba tare da mai amfani da ita ya ji wani bambanci ba.

Abin da ya kamata a auna shi ne ranar da matsala ta auku. An sa faifai biyu don kada komai ya rataya a kan abu ɗaya, sai ga shi kati ɗaya ne ke riƙe da su duka. Idan ya ƙone, faifan suna nan lafiya, amma alamomin da ya rubuta a kansu na gidansu ne, kuma hanya mafi aminci ta dawo da aiki ita ce samun wani kati daga danginsa. Gaskiya ne wasu katuna suna bin tsarin bai-ɗaya da ake kira DDF, wanda mdadm ke iya karantawa, amma ba dukansu ba. Mai uwar garke a Faris ko Landan zai iya samun madadi washegari. Wanda ke Damagaram ko Maraɗi ko Marwa sai ya yi odar kaya daga waje ya zauna jira, alhali rajistar ɗalibai ko lissafin albashi na kulle cikin faifan da ke gabansa. Faifan da mdadm ya tagwaita kuwa, a cire shi a haɗa da kowace kwamfuta mai Linux, bayanan za su buɗe. Neil Brown ya fara fitar da wannan manhaja tun 2001, kuma tsarinta a bayyane yake ga kowa.

Akwai kuma batun batir. Saurin da ake yaba wa kati yana zuwa ne daga ƴar ma'ajiyar wucin gadi da ke jikinsa: yakan ce wa kwamfuta ya gama rubutu tun bayanan ba su isa faifai ba. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakani, batir ne ke riƙe su har ta dawo. Batir kuwa zafi ne ajalinsa, kuma a Yamai zafin watan Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, lokacin da ɗaukewar wuta ta fi yawa. Da batirin ya raunana, katin kirki zai daina amfani da ma'ajiyar, saurin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi. Idan kuma aka tilasta masa ci gaba a haka, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta lalata bayanai a faifan biyu. Sababbin katuna sun rage wannan haɗari da wata ma'ajiya da ba ta dogara da batir ba, sai dai sun fi tsada.

Hujja ta ƙarshe ita ce tantance gaskiya. A ce wani gurbi ya lalace a ɓoye, faifan biyu suka saɓa: wanne ne daidai? Tagwaitawa ta gargajiya, ta kati ko ta mdadm, tana iya gano saɓanin, amma ba ta da shaidar da za ta raba gardama. ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, yana ajiye hatimin lissafi ga kowane gurbi, saboda haka yana gane kwafin da ya lalace, ya gyara shi daga ɗan'uwansa. Wannan fifiko ne da manhaja kaɗai ke bayarwa, domin ita ce ta san abin da ta rubuta.

Adalci ya wajabta a faɗi inda kati ya yi zarra. Mai amfani da VMware ESXi ba shi da zaɓin tagwaita faifan cikin na'ura da manhaja, dole ya nemi kati. Haka nan a wurin da babu ƙwararre, fitilar da ke nuna faifan da ya mutu, a zare shi a soka sabo ba tare da rubuta umarni ba, taimako ne babba. Wanda ya zaɓi kati, to ya sayi biyu iri ɗaya, ya ajiye ɗaya a kabad, ya kuma riƙa duba batir. Wanda ya zaɓi manhaja shi ma da nasa aikin: ya tabbatar kwamfutar na iya tashi daga kowane ɗaya cikin faifan, ya saita saƙon gargaɗi da zai iske shi idan ɗaya ya faɗi, sa'annan ya zare faifai da gangan, ya gwada dawo da shi kafin a fara zuba bayanan jama'a.

Kowace hanya aka bi, kada a ɗauki tagwaitawa a matsayin ajiyar kwafi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda ɓarayin intanet suka kulle, haka zai kasance a faifan biyu nan take. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, a watan Maris na 2021, ta raba mutane da dama da bayanansu saboda ba su da kwafi a wani wuri dabam. Saboda haka kuɗin da za a kashe wa kati, gara a sayi na'urar riƙe wuta da faifai na uku da za a riƙa kwafe bayanai a kai, ana kwana da shi a wani gini.